Tambaya da Amsa: Wai da gaske a arewacin Amurka aka fara maganar ɓallewa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. A fitowar da ta wuce da muke maganar yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wanda jihohi 11 na kudu suka ɓalle a cikinsa, na ɗan taɓo cewa ba su ne farkon masu barazanar ficewa daga ƙasar ba, to wannan 'yar maganar ita ta jawo saƙonnin da za ku gani a ƙasa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu dai abin da aka koya mana shi ne kudu su ne 'yan aware, arewa kuma masu kare haɗin kan ƙasa, sai ga shi kace wai arewa ma sun taɓa yunƙurin ficewa, don Allah yaushe aka yi haka kuma me ya kai su?
Daga wata ɗaliba mai karatun tarihi

AMSA: Yauwa ƙanwata, abin da aka koya muku ba ƙarya ba ne, kudu ne suka ɓalle a aikace har aka zub da jini, amma ita maganar ɓallewa ta girme su, shekara 50 da wani abu kafin nan a bakin wasu manyan arewa maso gabas aka fi jin ta, yankin da ake ce wa New England. A lokacin jihohi 5 ne, Massachusetts da Connecticut da Rhode Island da New Hampshire da Vermont, ita Maine tana cikin Massachusetts sai 1820 ta zama jiha.

Arzikin wannan yanki a teku yake, masu jiragen ruwa ne da masunta da masu ƙera jirgi da 'yan inshora da masu banki, kuma babbar abokiyar cinikinsu Ingila ce duk da ita suka yaƙa suka samu 'yanci. Jam'iyyar da ta fi ƙarfi a wurinsu ita ce Federalist, ta su Alexander Hamilton da John Adams. Ɗaya ɓangaren kuma ta Thomas Jefferson da James Madison ce, Republican ake ce mata a lokacin amma fa ba Republican ɗin yau ba ce kar ki haɗa, ƙarfinta yana kudu da yamma wajen manoma da masu manyan gandaye da bayi, kuma zuciyarsu ta fi karkata ga Faransa.

A zaɓen 1800 Jefferson ya kayar da Adams, ƙuri'un wakilan zaɓe 73 da 65, daga nan Federalist ba su sake ganin kujerar shugaban ƙasa ba har jam'iyyar ta mutu. Abin da ya fi ci musu rai wata ƙa'ida ce a kundin tsarin mulki da ta ce in za a raba kujerun majalisar wakilai a ƙirga kowane bayi 5 a matsayin mutum 3, bawan nan ba shi da ƙuri'a ba shi da bakin magana amma kansa yana ƙara wa jihar ubangidansa kujera a majalisa da nauyi a zaɓen shugaban ƙasa, su Federalist sukace ba don wannan lissafin ba da Adams ne ya ci. Ana cikin haka sai a 1803 Jefferson ya sayi yankin Louisiana a hannun Napoleon kan dala miliyan 15, faɗin ƙasar ya kusa ninkuwa, jama'a na ta murna su kuwa lissafi suke, duk jihar da za a yanka daga can sanatoci 2 ne kuma sun san ba nasu ba ne.

To nan ne Timothy Pickering ya shigo, sanata daga Massachusetts kuma tsohon sakataren harkokin waje, a farkon 1804 ya riƙa rubuta wa abokan siyasarsa wasiƙu cewa mafita kawai a kafa tarayyar jihohin arewa a bar kudu da bayinsu. Sun san ba New York abin ba zai tsayu ba, shi ne wasunsu suka mara wa Aaron Burr baya a takarar gwamnan New York, shi kuma a lokacin mataimakin shugaban ƙasa ne da suka ɓata da Jefferson. Burr ya sha ƙasa a zaɓen, Hamilton kuwa ya yaƙi Burr ya kuma yaƙi shirin ɓallewar, har ran 10 ga Yulin 1804 ya rubuta wa wani jigon jam'iyyarsu cewa yayyaga ƙasar asara ce tsagwaronta ba abin da za ta magance, washegari suka yi fito-na-fito da bindiga shi da Burr a Weehawken, Burr ya harbe shi ya mutu kashegari. Shirin Pickering nan ya kwanta, don ko a cikin jam'iyyar manya irin su George Cabot sun faɗa masa jama'a ba za su bi ba.

Abin da ya kai fushin har wurin talaka shi ne takunkumin Disamban 1807. Ingila da Faransa suna yaƙi, kowacce tana kama jiragen kasuwancin Amurka, ita Ingila har da kamun dole take yi, ta tare jirgi a teku ta ɗebi matuƙa ta ce nata ne suka gudu ta zuba su a jiragen yaƙinta, dubban mutane aka kwasa haka. Maimakon yaƙi sai Jefferson yace a hana jiragen Amurka fita da kaya waje gaba ɗaya wai don Turawan su ji a jikinsu. Kayan da ake fitarwa ya faɗo daga kusan dala miliyan 108 a 1807 zuwa miliyan 22 a 1808, jirage suna ɗaure a tasha suna lalacewa, matuƙa da 'yan dako da kafintoci ba aiki, Ingila kuwa ko gezau. An soke dokar a Maris 1809 amma zuciya ta riga ta ɓaci, shi ya sa a Janairun 1811 da ake muhawarar shigar da Louisiana a matsayin jiha, Josiah Quincy ɗan majalisa daga Boston ya miƙe a zauren majalisa yace in aka yi haka igiyar tarayya ta tsinke, kuma wajibi ne wasu jihohi su shirya rabuwa, cikin lalama in ta yiwu, da ƙarfi in ta kama.

Ba a rabu da Bukar ba aka haifi Habu, ran 18 ga Yunin 1812 Madison, wanda ya gaji Jefferson a shugabancin ƙasa, ya sa hannu kan shelar yaƙi da Ingila. A majalisar wakilai 79 suka yarda 49 suka ƙi, a ta dattawa 19 da 13, kuma duk 'yan Federalist 39 da ke majalisun biyu ba ko ɗaya da ya goyi baya. Abin lura a nan shi ne yankin da ya fi kowa jirage da matuƙa, wanda aka ce dominsa ake yaƙin, shi ne ya fi ƙin yaƙin, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, Ingila tana da jiragen yaƙi sama da 500 Amurka nata ba su kai 20 ba, garuruwansu ne a bakin teku su za a fara yi wa luguden wuta, sannan a ganinsu yaƙar Ingila a wannan lokaci taimakon Napoleon ne, ga kuma zargin cewa Kanada, wadda a lokacin ke ƙarƙashin Ingila, 'yan kudu da yamma suke hange ba haƙƙin matuƙa ba. Yaƙin Mista Madison suka riƙa ce masa, a Boston aka sassauto tuta aka kaɗa ƙararrawar coci kamar an yi rasuwa.

TAMBAYA: Malam ina yawan jin sunan taron Hartford, wasu suce taron ɓallewa ne wasu suce sharri aka yi musu. Mene ne ainihin abin da aka yanke a can?
Daga wani malamin makarantar sakandare

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, kafin ka yanke musu hukunci duba halin da ake ciki a ƙarshen 1814. Napoleon ya faɗi a watan Afrilu, hannun Ingila ya saku ta juyo da ƙarfinta, ta datse tashoshin ruwan New England, ran 24 ga Agusta sojojinta suka shiga Washington suka ƙona ginin majalisa da fadar shugaban ƙasa, a Satumba suka mamaye gabashin Maine gwamnatin tarayya ba ta iya ƙwato shi ba, mutanen tsibirin Nantucket da yunwa ta ishe su da kansu suka sasanta da Ingila suka ce su 'yan ba-ruwanmu ne. Baitulmali ya ƙafe har a Nuwamba gwamnati ta kasa biyan ruwan bashin da ake binta. Massachusetts tana biyan haraji ga tarayya kuma ita ke biyan dakarun da ke tsaron gaɓarta, tarayya tace ba za ta biya ba tunda gwamna ya ƙi sa su ƙarƙashin hafsoshinta, sai kuma ga James Monroe mai riƙe da ma'aikatar yaƙi ya kawo shawarar a fara ɗaukar soja na dole. Tura ta kai bango kenan, a Oktoba majalisar Massachusetts ta kira taro.

An zauna a gidan majalisar jiha da ke Hartford a Connecticut daga 15 ga Disamban 1814 zuwa 5 ga Janairun 1815, wakilai 26, Massachusetts 12, Connecticut 7, Rhode Island 4, sai mutum 2 daga New Hampshire da 1 daga Vermont waɗanda ba gwamnatocin jihohinsu suka turo su ba, wasu gundumomi ne. Kuma ka lura da waɗanda aka tura, Pickering ba ya ciki, masu zafin kai da ke rubuce-rubuce a jaridun Boston a yi sulhu da Ingila ko tarayya ta so ko ta ƙi su ma ba sa ciki. Shugaban taron George Cabot ne, mutumin nan da ya taka wa Pickering burki a 1804, sai Harrison Gray Otis wanda shi ne ƙashin bayan rahoton, dattawa ne masu dukiya da suke tsoron hargitsi fiye da yadda suke ƙin Madison.

Rahoton da suka fitar bai ce a ɓalle ba. Ya ma ce raba ƙasa musamman ana tsakiyar yaƙi ba abin da zai halatta shi sai larura ta ƙarshe. Abin da suka nema shi ne a bar jihohi su riƙe wani kaso na harajin tarayya da ake karɓa a cikinsu su tsare kansu da shi, jihohi su kare mutanensu daga aikin soja na dole, sannan a yi wa kundin tsarin mulki gyara guda 7. A soke ƙirgen bayi na kashi 3 cikin 5, kar a shelanta yaƙi ko a shigo da sabuwar jiha ko a yanke ciniki da wata ƙasa sai da kashi 2 cikin 3 na majalisun biyu, sai dai a maganar yaƙi in an kawo wa ƙasa hari, takunkumi kar ya wuce kwana 60, shugaban ƙasa zango ɗaya kawai kuma kar jiha ɗaya ta fitar da shugaba sau biyu a jere, wannan kam Virginia ake nufi kowa ya sani, don cikin shugabanni 4 na farko 3 'yan can ne. Akwai guda ɗaya da ni dai ba na iya kare shi, wai duk baƙon da zai samu takardar zama ɗan ƙasa daga nan gaba kar ya riƙe muƙamin tarayya, wannan ƙyamar baƙi ce kawai saboda baƙin, musamman 'yan Ireland, jam'iyyar Jefferson suke zaɓa. Haka maganar bayi ma kar mu ba su ladan da ba su nema ba, ba 'yanta bayi suka ce a yi ba, kujerun majalisa ne damuwarsu.

Amma fa akwai barazana a ƙarshen rahoton, sun ce in ba a yi sulhu ba kuma ba a saurare su ba za a sake taro a Boston a watan Yuni, kuma kowa ya fahimci cewa na biyun ba zai yi sanyin na farko ba.

Abu biyu suka kashe su, na farko sirri. Ƙofa a kulle suka yi mako 3, suka ɗau alƙawarin ba mai faɗin abin da aka tattauna, ɗan littafin da sakatare Theodore Dwight ya rubuta ba muhawara a cikinsa ba waye yace me, to ana cikin yaƙi abokan gaba suna riƙe da wani yanki na jiharka ka kulle ƙofa, me kake so mutane su zata? Madison har wani hafsan soja Thomas Jesup ya tura Hartford ya sa musu ido. Wani mai zanen barkwanci William Charles ya zana Massachusetts da Connecticut da Rhode Island a bakin dutse suna shawarar su yi tsalle su faɗa hannun Sarki George na 3 ko kar su yi, shi kuma sarkin ya buɗe hannu yana kiransu da alƙawarin ciniki da muƙamai, ga Pickering a ƙasa durƙushe yana addu'a, wannan hoton shi ya zauna a kan mutane ba rahoton ba.

Na biyu lokaci. Suna zaune a Hartford ashe tun 24 ga Disamba an sa hannu kan sulhu a garin Ghent da ke Beljiyam ta yau, labari ne bai tsallako teku ba, ran 8 ga Janairu kuma Andrew Jackson ya ragargaji sojojin Ingila a New Orleans, kusan mutum 2,000 Ingila ta rasa tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, na Amurka ba su kai 100 ba. Massachusetts ta tura mutum 3 Washington da buƙatunta, Otis da Thomas Perkins da William Sullivan, suna isa a tsakiyar Fabrairu suka tarar gari na ta shagalin nasara ga labarin sulhu ya iso, haka suka juyo gwiwa a sanyaye jaridu na yi musu dariya. A zaɓen 1816 ɗan takararsu Rufus King jihohi 3 ya ci, ƙuri'a 34 Monroe 183, a 1820 ko ɗan takara ba su tsayar ba.

TAMBAYA: Malam ni tsohon soja ne kuma gaskiya ban ga abin tausayi a wurin mutanen nan ba. Ƙasarka na yaƙi, yara na mutuwa a bakin daga, kai kana gida kana adawa, in wannan ba cin amanar ƙasa ba ne to mene ne?
Daga wani tsohon soja

AMSA: Baba ranka ya daɗe, wanda ya taɓa tsayawa a bakin daga yana da haƙƙin ya yi wannan tambayar, kuma ba zan ce maka duk wankakku ne ba. Amma ina roƙonka mu raba abubuwan don ba nauyinsu ɗaya ba.

Ɗan majalisar da ya kaɗa ƙuri'ar ƙin yaƙi, da ɗan jaridar da ya rubuta cewa ba a shirya ba, da limamin cocin da ya hau mumbari ya ce zalunci ne, waɗannan aikinsu suka yi kuma da yawan abin da suka faɗa ya tabbata. Jefferson cewa ya yi cin Kanada tafiya ce kawai sojoji za su yi su karɓa, wata 2 da fara yaƙi Janar William Hull ya miƙa Detroit ba tare da wani faɗan kirki ba. Dokokin da Ingila ta kafa na hana ciniki, waɗanda suna cikin manyan dalilan yaƙin, ta soke su a makon da ya biyo bayan shelar, su a Washington ba su sani ba. Yarjejeniyar Ghent kuma ko ambaton kamun dolen matuƙa ba ta yi ba, kowa ya koma kan iyakarsa ta da. Sojan da aka tura ba isasshen abinci ba albashi a kan kari, ai wanda ya ce tun farko kar a tura shi ba maƙiyinsa ba ne.

Sai mataki na biyu, gwamnonin da suka hana dakarun jiha. Caleb Strong na Massachusetts da Roger Griswold na Connecticut sun ƙi ba da su, hujjarsu kundin tsarin mulki ya ce tarayya za ta kira su ne don aiwatar da doka ko murƙushe tawaye ko korar mamaya, su kuma sukace ba mamaya kuma gwamna ne zai ce akwai ko babu, babbar kotun Massachusetts ta goyi bayan Strong. Gwamnan Vermont Martin Chittenden a 1813 har umarni ya ba dakarunsa da ke New York su dawo gida, hafsoshin suka ƙi bin umarnin. Wannan gardama ce ta shari'a kuma kotun ƙoli ta raba ta a 1827 a shari'ar Martin da Mott, tace shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon cewa lokacin kira ya yi, kuma alƙalin da ya rubuta hukuncin Joseph Story ɗan Massachusetts ne. Gwamnonin ba su da gaskiya a shari'ance, amma a fili suka yi abinsu kowa na gani.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne mataki na uku. 'Yan fasa-ƙwauri sun riƙa kora shanu suna tsallaka iyaka suna sayar wa sojojin Ingila, har gwamnan Kanada George Prevost ya rubuta wa Landan a 1814 cewa kashi 2 cikin 3 na sojojinsa naman da 'yan kwangilar Amurka suka kawo suke ci, akasari daga Vermont da New York. Mafi muni, a ƙarshen 1814 shi Gwamna Strong ya tura ɗan aike a ɓoye zuwa Halifax da ke Kanada ta yau wurin kwamandan Ingila John Sherbrooke ya ji ko za a iya sulhu da Massachusetts ita kaɗai. Wannan kamar 'yan gida ne suna cacar baki a tsakar gida ɗaya ya zagaya ya zare wa ɓarawo sakata, ba ni da wani suna da zan ba shi sai wanda ka faɗa.

Abin da ba na so shi ne a ɗauki laifin Strong a shafa wa yanki guda. Jirgin yaƙin nan Constitution da ya farfasa Guerriere na Ingila ran 19 ga Agustan 1812, a Boston aka ƙera shi, kyaftin ɗinsa Isaac Hull ɗan Connecticut ne, kuma dubban samarin New England sun shiga sojan tarayya da ƙafarsu. Haka zancen da hafsan sojan ruwan Amurka Stephen Decatur ya yi a 1813 cewa wasu a New London suna kunna shuɗiyar fitila da dare suna tona wa Ingila asirin jiragensa, ba a taɓa kama kowa ba ba a kawo hujja ba, amma shekara da shekaru ana jifan duk ɗan Federalist da shi.

TAMBAYA: Malam su masu adawar gwamnati ta ƙyale su ne ko an kama su?
Daga wata 'yar jarida

AMSA: 'Yar'uwa a nan dole a yaba wa Madison, duk zagin da ya sha bai nemi dokar toshe bakin 'yan adawa ba, alhali su Federalist da suna kan mulki a 1798 lokacin da ake artabu da Faransa a teku sun kafa dokar da ta sa sukar gwamnati ta zama laifi, suka ɗaure editoci, har ɗan majalisa Matthew Lyon na Vermont ya yi wata 4 a kurkuku da tarar dala 1,000, mutanensa suka sake zaɓensa yana ciki.

Abin da gwamnati ba ta yi ba sai 'yan zanga-zanga suka yi. A Baltimore akwai Alexander Hanson mai jaridar Federal Republican, kwana kaɗan da shelar yaƙi ya yi sharhi mai zafi, ran 22 ga Yuni taron mutane suka rushe ofishin suka farfasa injin buga jarida. Ya dawo a ƙarshen Yuli da abokai ɗauke da bindigogi suka tare a wani gida, aka kewaye su da jifa, suka yi harbi aka samu wanda ya mutu a cikin maharan, har igwa aka jawo aka saita gidan. Hukuma ta lallashe su su miƙa wuya a kai su gidan yari wai don a tsare rayukansu, da daren 28 ga Yuli aka fasa gidan yarin ba wani tsaron kirki, aka jawo su ɗaya bayan ɗaya ana duka da kulake, ana soka musu ƙananan wuƙaƙe a fuska, ana ɗiga musu narkakken kyandir a ido don a ga ko da sauran rai. Janar James Lingan, dattijon da ya yi yaƙin neman 'yanci har ya yi zaman fursuna a hannun Ingila, nan aka kashe shi ana ce masa ɗan koren Ingila. Janar Henry Lee, na hannun daman George Washington kuma mahaifin Robert E. Lee babban janar ɗin kudu a yaƙin basasa, bai sake lafiya ba har ya rasu a 1818. Wallahi duk sanda na karanta labarin Lingan sai raina ya ɓaci, mutum ya ba da ƙuruciyarsa don ƙasa a ƙarshe a kashe shi da sunan kishin ƙasa. Mutanen Maryland ma abin ya girgiza su, a zaɓen wannan shekarar Federalist suka ci majalisar wakilan jihar, Hanson kuma aka zaɓe shi majalisar tarayya.

TAMBAYA: Malam shin kundin tsarin mulkinsu ya yarda jiha ta fice? Kuma 'yan kudu daga Hartford suka koya?
Daga wani matashi mai karatun lauya

AMSA: Ɗan'uwa kundin bai ce a fita ba bai ce kar a fita ba, shi ya sa duk wanda ya rasa mulki a tarayya sai ya tuna da 'yancin jihohi. A 1798 Jefferson da Madison ne suka rubuta wa majalisun Kentucky da Virginia ƙudurorin da suka ce jiha na da ikon tsayawa tsakanin mutanenta da dokar tarayya da ta saɓa kundin, Massachusetts tace a'a wannan aikin kotu ne. A 1814 aka yi musanyar wuri, rahoton Hartford ya ɗauko kusan hujjar Madison ya jefe shi da ita, jaridar Richmond Enquirer ta Virginia kuma ta rubuta cewa ba jihar da ke da ikon ficewa don ra'ayin kanta, yin haka cin amana ne, wannan Richmond ɗin ce daga baya ta zama hedikwatar 'yan awaren kudu. John Calhoun ɗan South Carolina da yana kan gaba wajen tura ƙasar yaƙi a 1812 shi ne ya zama uban tafiyar da South Carolina ta ce ta soke dokar harajin kwastan ta tarayya a 1832, Jackson yana shugaban ƙasa yace raba ƙasa da makami cin amana ne, sai da aka rage harajin a 1833 aka lafa.

'Yan kudu sun riƙa kafa hujja da Hartford amma kar ka daidaita su, Hartford ba su fita ba, South Carolina ta fita ran 20 ga Disamban 1860 kuma takardar da ta fitar ta bayyana dalili ƙarara, kare bauta, aka yi asarar rayuka sama da 600,000. Sai a 1869 kotun ƙoli a shari'ar Texas da White tace jiha ba ta da ikon ficewa ita kaɗai.

Wani tabon da Hartford ta bari a kan 'yan adawa ne. Da Shugaba James Polk ya nemi yaƙi da Meziko a Mayun 1846, 'yan jam'iyyar adawa ta Whig da yawa sun yi imani shi ya tsokano faɗan, amma sun ga yadda Federalist suka ƙare, ƙuri'a ta fito 174 da 14 a majalisar wakilai, 40 da 2 a ta dattawa. Abraham Lincoln da ya shiga majalisa a 1847 ya matsa wa Polk ya nuna takamaiman wurin da yace an zub da jinin Amurkawa a ƙasar Amurka, amma duk sanda aka kawo kuɗin sojoji sai ya amince. Cikin mutum 14 ɗin da suka ƙi kuwa akwai tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ɗan Massachusetts, yana da shekara 78, wanda ya rabu da Federalist tun a kan takunkumin 1807 kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a Ghent.

Sauran saƙonnin sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.